Katin da Alhaji Buba Ya Sayo wa Auta

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samari suka tsaya a ƙofar shagona suna kallona ina sa wa wata ordinater, wato kwamfuta, kart garafik. Ɗaya daga cikinsu, mai dogon wuya, ya ce wai shi ma ya iya, ya gani a waya: a kwance ƙusa biyu, a soka kati, a rufe. Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa. Soka katin ba ya kai minti biyar, ko jikata mai shekara tara na nuna wa sau ɗaya za ta yi. Abin da bai gani a waya ba shi ne sauran aikin, wanda na shekara ashirin da wani abu ina koyo, har yau kuma yakan ba ni kunya. Saboda irinsu nake rubuta wannan, ko da yake na san rabinsu ba za su kai ƙarshe ba.

Kart garafik shi ke ɗaukar nauyin hoto a cikin ordinater. Mai buga takardu ba ruwansa da babba. Mai haɗa bidiyon biki, wato montaj, shi ne ba ya rayuwa sai da shi. To amma kati ci yake yi, kuma mai ba shi abinci wani akwatin ƙarfe ne a kusurwar na'urar, alimantasiyo, mu masu aikin muna ce masa alim. Shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa rabonsa. In ka ɗora babban kati a kan ƙaramin alim, na'urar za ta tashi lafiya lau, har ta yi maka fara'a. Sai ka ba ta aiki mai nauyi ta ɗauke ɗif, wani lokaci har da ƙauri.

A Maraɗi na koyi aiki, wurin Malam Gambo, Allah ya jiƙansa. Da rediyo da talabijin ya fara, da ordinater ta shigo ya bi ta, ni kuma na bi shi. Wata shida na yi ba abin da nake riƙewa sai buroshi. Ranar da ya ga dama ya fara koya mini alim, ya ajiye guda biyu a kan tebur, duka an rubuta musu wat ɗari biyar, ya ce in zaɓa. Na zaɓi mai sheƙi, kamar yadda kowane sakarai zai yi. Ya ce in ɗaga su. Mai sheƙin kamar gwangwanin madarar da aka shanye, ɗayan kuwa, mai tsatsa a gefe, sai da ya ja mini hannu ƙasa.

"Kowa na iya buga lamba bisa takarda, Idi," in ji shi. "Tagullar da ke ciki ita ce ba a iya ƙarya da ita. Ɗaga tukuna, sannan ka karanta."

Da mahaifina ya tsufa na dawo Dakoro na buɗe shago. Kayan aikina ba su da yawa kuma ba su canza ba: turnabis biyu na kwance ƙusa, abin auna wuta, buroshin fenti, abin hura iska, da wata 'yar lanƙwasasshiyar waya da nake tayar da alim da ita shi kaɗai kafin in yarda ya taɓa sauran kaya. Masu zuwa wurina malaman lakol ne, wato makaranta, da sakatarorin ofis, da masu hoto. Daga Kornaka da Ɗan Gulbi ake aiko mini da na'urori a motar kasuwa, a naɗe cikin bargo, tsakanin buhun gero da akuya. Ba abin da ban tarar a cikinsu ba. Ɓawon gyaɗa, gidan zanzaro, har da wani busasshen ƙadangare da ya kwanta a kan alim yana jin ɗumi. Mai wannan na'urar ya rantse mini ciwon daga masana'anta ne.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne a shekarar da wuta ta yi mana yaji. Sai ta zo awa biyu ta tafi kwana biyu, in ta dawo kuma ta dawo da fushi ta ƙone abin da ta tarar. Duk mai hali ya koma wa pano, wato allon hasken rana, har kayansa suka yi wuyar samu. Ni da ɗan injina nake lallaɓawa, ina tayar da shi in aiki ya taru. Akwai makon da ba wanda ya leƙo shagon sai mai shayi.

Wata hantsi a cikin bazarar shekarar sai ga Alhaji Buba, dillalin shanu, ya haura saba'in amma tafiyarsa ta fi tawa sauri. Shi Bafulatani ne, ni kuma kakana Babarbare, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Kai Babarbare, tashi ka ba ubangidanka kujera."

"Wa ka bar ma shanun ka shigo cikin mutane, Alhaji?"

Ya zauna, ya kwance wani ƙullin zane a kan teburina. Kwali ne sabo fil, da kati a ciki mai fanka uku, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Ban taɓa riƙe irinsa a Dakoro ba.

"Auta ta ce za ta tahi Maraɗi," ya ce.

Auta ita ce Hajara, 'yarsa ta ƙarshe. Ta koyi montaj, kuma ita ke ɗaukar bidiyon biki da suna a cikin gidaje, wurin mata, inda ba a barin namiji ya shiga da kamera. Aiki ya yi mata yawa, na'urarta kuma tsohuwa ce, bidiyo guda sai ya cinye mata yini ya tsaya a tsakiya. Wani situdiyo a Maraɗi ya ce ta zo, akwai wuta, akwai manyan na'urori. Mijinta malamin lakol ne a wani ƙauye can gaban Korahane, sai hutu yake zuwa, ya ce duk inda ta zauna daidai ne. Uwarta ta rasu, yayyenta maza suna Aljeriya da Libiya, matan suna gidajen aurensu nesa. Ita da 'ya'yanta biyu ne suka rage wa Alhaji a gida. Shi kuwa ko za a yanka shi ba zai buɗe baki ya ce wa 'yarsa ta zauna don shi ba. Sai ya tambaye ta, kamar hira, mene ne na'urar tata ta rasa. Ta faɗa masa, ya riƙe sunan a ka, ya nemi wani direba.

"Na ce mashi kada shi tsaya dube-dube, shi sawo mani babbansu. Ga shi nan. Ka sa mata, kada ta samu hujja."

Da yamma aka kawo na'urar. Na buɗe, na ciro alim ɗinta, wat ɗari uku a rubuce, a hannu kuwa bai kai haka ba. Katin nan yana neman fiye da ninkin wannan, kuma yana son waya biyu nasa na kansa, kowace mai baki takwas, waɗanda tsohon alim ɗin bai ma san da su ba. Na yi wa Alhaji bayani ina tsoron zai ce wayo nake masa. Kafin in gama ya ɗaga hannu.

"Na gane. Na sayi bijimi ban tanadi harawa ba. Nemo harawar."

Ina da wani alim mai wat ɗari bakwai da hamsin da na daɗe ina ɓoyo a ƙarƙashin tebur, ina hana kowa, mai nauyi, mai shiru. Shi na sa. Akwatin na'urar ya yi wa katin kaɗan, sai da na yanke wani ƙarfe a ciki na goge bakinsa. Na ɗaure wayoyi gefe don iska ta wuce, na sa wa katin 'yar madogara kada nauyinsa ya karya mazauninsa. Washegari Hajara ta zo da bidiyon wani suna, na tayar da injina, muka ɗora. Aikin da ke cinye mata yini ya ƙare kafin mu gama shayi na biyu. Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ni ma na ji kaina ya yi girma, har na ce mata in ta ga matsala ta zo ta tofa mini yawu.

Kwana biyu ta aiko: na'ura na mutuwa. Na tafi gidan da turnabis a aljihu, ina ta shirya faɗan da zan yi mata, don na tabbata ita ta taɓa wani abu. Da na shiga zauren da take aiki na bi wayar da ido, daga na'ura zuwa bango, daga bango zuwa wani lungu. A lungun akwai batir biyu tsofaffi, da wani ɗan konbertiser, akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, girmansa bai fi bulo ba. A kan rufi pano uku. Nan na gane kuskurena. Na auna komai a cikin akwatin na'urar, ban tambayi abin da ke bayan bango ba. Na gwada ta da injina, na manta ba a shagona za ta zauna ba.

Tun daga ranar ba na sa wa kowa babban kati sai na taka na je gidansa. Ina duba waya, ina duba inda wutar ke fitowa, ina tambayar me da me ke shan ta. Mutane na yi mini ba'a, wai Idi sai ya je ganin ɗaki kamar dangin amarya. Su yi ta yi. Ku samari, wannan ce tafiyar da ba a nuna muku a waya, kuma a rana ake yin ta, da ƙafa.

Na ce Hajara ta ɗora aiki, na zauna ina saurare. Fankokin katin suka ɗauka, komai lafiya. Can bayan kamar minti ashirin na ji wani ɗan gurnani daga ɗakin Alhaji, konbertiser ya yi fito, ekaran, wato fuskar na'urar, ya yi baƙi. Firigo ne, wato firji. 'Ya'yansa maza suka aiko masa da shi saboda allurar ciwon sukari da yake yi kullum, wadda ba ta son zafi. Injin firigo in zai tashi yakan fizgi wuta da ƙarfi na ɗan lokaci. Da can konbertiser na jurewa, don tsohuwar na'urar ba ta cin komai. Yanzu ga kati ga firigo, ba ya iyawa. Raba musu lokaci kuma ba zai yiwu ba, domin batiran sun gaji, rana na faɗuwa fitila kawai suke riƙewa. Firigo da rana yake tara sanyinsa, Hajara ma da rana take aiki.

Na yi abin da na sani. Na shiga cikin na'urar na rage wa katin ci iyakar yadda ya yarda. Ta ƙara jimawa, amma firigo na tashi ta sake ɗaukewa. Na buga waya Maraɗi neman babban konbertiser, aka ce sai dai in jira, kuma ko ya zo sai an ƙara batir, su ma babu. Hajara ta tattara wayoyinta a hankali tana naɗewa, irin naɗin wanda ya fara shirya kaya.

Alhaji ya leƙo ya yafito ni zuwa ɗakinsa, ya tura ƙofa. Ya nuna firigon da sanda.

"Wanga ne ke kashe mata aiki?"

Na ce shi ne, amma ba laifinsa ba ne. Ban rufe baki ba ya sunkuya ya zare wayar. Ya kwashe kwalaben maganin ya zuba a wani gwangwani, ya kai gindin randa, ya tona jiƙaƙƙen yashin da ke wurin ya binne shi rabi.

"Kahin a kawo abin ga, shekara biyu nan nika aje ta. Ban mutu ba."

"Alhaji, bazara ce. Magani ne, ba goro ba."

"Tahi ka ce mata ka gyara."

Na ce ba zan iya ba. Na kawo masa hujja, na kawo wata, har na ce zan mayar da tsohon tsari a jira kaya su zo. Ya bar ni na gama. Da ya yi magana bai kira ni Babarbare ba.

"Idi, ɗiya shidda na haihwa. Ita kaɗai nika jin muryatta da sahe. In ta ga abin ga bai yi ba, jibi tana tasha."

Na fita na ce wa Hajara ta sake gwadawa. Ban ce na gyara ba, amma ban ce ban gyara ba, kuma na san duk ɗaya ne. Na'ura ta yi aiki har la'asar ba ta ko yi tari ba. Ta yi mini godiya har da durƙusawa, ni kuwa na fito gidan kamar ɓarawo.

Hankalina bai kwanta ba. Na tambayi wani ma'aikacin asibiti, ban faɗi suna ba. Ya ce randa na taimakawa, mutanen daji da ita suke yi, amma a zafin bana shi ba zai dogara da ita ba, maganin na iya rage ƙarfi mutum bai sani ba. Daga nan duk ranar da na sami ƙanƙara a gari sai in naɗe a tsumma in kai wa Alhaji ta ƙofar baya. Yana karɓa yana zagina, wai Barebari ba su iya riƙe sirri ba sai sun yi ta zarya. Kullum ina buga waya Maraɗi, kullum ana ce mini gobe.

Mako uku ana haka, sai ga Hajara da na'urar a kan amalanke. Ta sa aka ajiye mini ita a tebur, ta jira mai amalanke ya tafi.

"Baba Idi, cire katin ga."

"Mi ya yi kuma?"

"Bai yi komi ba. Jiya Baba ya manta bai kulle ɗaki ba, na shiga shara. Na buɗe firigo na iske hulunanshi ciki, jere." Ta dube ni. "Da kai aka haɗa baki."

Na sunkuyar da kai, ina da jika amma ga ni ina jin kunya gaban yarinyar da aka yi sunanta ina wurin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tambaya ko akwai katin da zai zauna lafiya da firigo a kan konbertiser ɗin nan. Na ce akwai wani na hannu, ƙarami, mai fanka ɗaya, ba ya neman waya tasa ta daban, ɗan abin da mazauninsa ke ba shi ya ishe shi. Ya fi abin da take da shi da can nesa, amma kusa da na Alhaji jariri ne.

"Sai dai ki sani, aikin awa guda zai koma ukku."

"Na sani. Sa shi." Ta gyara mayafi. "Kuma kada ka hwaɗa mashi. Ranshi zai ɓaci, shi ya sawo da hannunshi. Ka ce ka samo wata dabara."

Haka na zama mai riƙe wa uba sirri, mai riƙe wa 'ya sirri, a kan na'ura guda. Na cire babban katin na mayar da shi kwalinsa. Alim ɗin na bar mata, don alim mai kyau abin da aka nema kawai yake ja, ba ya ƙari. Na bi ta gida, na mayar da wayar firigo da hannuna, na kwashe hulunan na ɗora a kan gado. Muka ɗora aiki, na zauna a ƙasa kusa da konbertiser kamar mai jinya. Firigo ya yi gurnani ya tashi, ekaran bai ko ƙifta ba. Na jira ya sake tashi sau biyu kafin in yarda. Sannan na je na ce wa Alhaji na samo dabara, ya mayar da maganinsa. Ya dube ni irin duban da yake wa mai sayar da saniya in ya ce ba ta taɓa ciwo ba. Sannan ya je ya tono gwangwaninsa.

Ranar kasuwa da la'asar, bayan an watse daga wurin shanu, ya shigo shagon da ƙura har gwiwa. Bai nemi kujera ba, ya zauna a kan benci.

"Babarbare, ina bijimina?"

"Yana cikin na'ura mana, Alhaji."

"Shekara hamsin ina sauraren numhwashin dabba. Nawa in ya ɗauki aiki har ɗakina nika jin hucinshi. Wanga da ke ciki ɗan akuya ne."

Na jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur na ajiye a gabansa. Bai taɓa shi ba. Na faɗa masa yadda aka yi, har da hulunan. Ina jiran ya hau ni da faɗa, sai na ga yana murza bakin rawaninsa.

"Ita ta ce ka cire?"

"Ita ta ce."

"Da wanga ƙaramin, aikin nata shina daɗewa?"

"Shina daɗewa. Na awa guda sai shi kai ukku."

"Ta san haka?"

"Na hwaɗa mata kahin in sa."

"Na mutanen Maraɗi hwa?"

"Nasu ya hi sauri, ba a ma haɗawa."

"Shi ma ta sani?"

"Ta hi ni sani, Alhaji."

Ya ce in ba shi ruwa, na ba shi, ya riƙe kofin bai sha ba. Wata mota ta wuce da shanu suna kuka, bai ko waiwaya ya ga na wane ne ba, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa.

"To ba ta tahiya ke nan," ya ce, ba da ni yake ba.

Ya ajiye kofin, ya dogara sanda ya miƙe, ya tura mini kwalin da ƙafa, wai in ajiye mata har kaya su samu. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, yana gyara rawani ta wajen ido.

"Kada ka hwaɗa mata na gane. Ba wanda ya taɓa cina a ciniki. Bar ta ta ci wanga."